Hanyar Ruwan Tsibirai Sittin da Uku

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa, ya raba ruwan daɗi da ruwan ɗaci. Ku da kuke zaune, ku ba ni aron hankalinku. Ni ne Cindo ɗan Korau, mutumin Tsibiran Barkanda. Na taka ƙasar da gajimare ke kwanciya a kan ciyawa, na ratsa dajin da ke mayar da matafiyi inda ya fito, na ci tuwo a garin da ake narka yashi ya zama ƙarau. Neman ilmi na fita, kuma na same shi. Abin da na yi da shi ne ba na son tunawa. Amma tunda kun tambaya, ga shi yadda ya faru.

Ƙasarmu tsibirai ne sittin da uku, a warwatse cikin wani teku da ruwansa ya fi maɗaci ɗaci. Ruwan daɗi a wuri ɗaya tak yake ɓuɓɓugowa, a tsibirin da muke kira Ido. Jirgi ɗaya ne ke raba shi, sunansa Giwa. Kakanni suka sassaƙe ta daga itace guda, irin itacen da ya ƙare a duniya. Cikinta kamar rijiya, mutum tamanin ke tuƙa ta, kuma ita kaɗai ke iya tsallake igiyar ruwan da ke tsakanin tsibiran. Takan zagaya ta cika wa kowane gari randunansa, ta dawo Ido ta sake ɗebowa.

Yayana Jatau shi ne sarkin jirgin. Hanyar da ya gada wurin babanmu kwana arba'in da ɗaya take ci. Cikin Giwa kuwa ba ya ɗaukar fiye da abin da zai ishi jama'a kwana talatin da uku. Da can ruwan sama ke cike kwana takwas ɗin da suka rage. Sai sama ta ɗauke mana shekara uku a jere. Mutane suka koma tafasa ruwan teku suna sha kafin jirgi ya iso. Ƙafafun manya suka fara kumbura, cikin yara ya fara tasowa.

Ni ba matuƙi ba ne, ƙirjina ba ya ɗaukar aikin ƙarfi. Abin da Allah ya ba ni shi ne kan lissafi. Na samo allo mai faɗi, Yaya Jatau yana nuna mini ina kafa ƙusa, kowane tsibiri a mazauninsa, har sittin da uku. Na zagaya su da zare yadda Giwa ke bi, na yanko sanda na tsaga ta kwana-kwana don auna zaren. Da farko na so in gwada kowace irin jerawa. Ban yi nisa ba na gane cewa ko da kowace ƙwayar yashin bakin teku za ta zama malami da alƙalami, ba za su gama rubuta jeren ba kafin tashin duniya.

Sai na bi ta wata hanya. In ɗan sauya wuri ɗaya, in warware inda zare ya gitta wa kansa, ko in gabatar da wani tsibiri a kan maƙwabcinsa, sannan in auna. In ya gajarta in riƙe, in ya ƙaru in mayar. Arba'in da ɗaya ta koma arba'in, ta koma talatin da takwas, ta tsaya a talatin da bakwai. Daga nan duk ƙusar da na taɓa, tsawo zaren ke ƙarawa.

Yaya Jatau ya gwada sabuwar hanyar, ya dawo yana murmushi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwana huɗu ka ceto mana, Cindo. Saura huɗu."

Na ce, "Yaya, na juya shi ta ko'ina. Sai dai in fita duniya in tambayi waɗanda suka fi ni."

Ya ce, "Wata nawa za ka yi?"

Na ce shida.

Mahaifiyarmu, Inna Kulu, tana zaune a Ƙurya, tsibiri mafi nisa, inda kabarin babanmu yake. Mun yi da ita ta dawo Ido ta ƙi. Da na je sallama ta ba ni ƙunshin busasshen kifi, ta sa mini albarka. Har na kai ƙofa ta ce, "Cindo." Na juyo. Ta ɗan ɗage zanenta ta nuna mini ƙafafunta, sun yi suntum. Ta ce, "Ka gani dai. Kada ka daɗe."

Fatake masu gishiri suka tsallakar da ni zuwa babbar ƙasa. Bayan tafiyar kwana ashirin na shiga ƙasar Tuddai, inda gajimare ke kwance a ƙasa, mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku goma. Mutanen wurin doka ɗaya gare su: ƙafa ba ta gangara. Duk inda mutum zai taka, sai ya fi inda ya ɗaga tudu, ko su zo daidai. Da haka kakanninsu suka yi ta hawa har suka isa kan wani tudu, suka yi gari a can. Abin da suke buƙata daga ƙasa da igiya da kwando suke jawo shi.

Suka karɓe ni da fura da girmamawa, wai na iso rufin duniya. Kwana na uku da hantsi iska ta keta gajimaren na ɗan lokaci. Can tsallaken kwari na hango wani dutse wanda gindinsa ma ya fi kawunanmu tsawo. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ashe ga wanda ya fi!"

Kafin in rufe baki an riƙe mini hannuwa. Aka kai ni gaban shugabansu, Mai Ƙololuwa, dattijo mai farin gemu. Bai yi fushi ba, tausayina ma yake ji. Ya ce, "Baƙo, taka gabas." Na taka, gangare ne. Ya ce in taka yamma, gangare. Kudu da arewa ma haka. Ya ce, "To, ko'ina ka sa ƙafa ƙasa kake yi. Ina wurin da ya fi nan?"

Maganar da na faɗa wa yayana a kan talatin da bakwai ce nake ji a bakin wani.

Aka yanke a ɗaure ni a turken tsakiyar gari har sai na janye maganata. Mutum biyu suka tsare ni a bakin ganuwa, sauran suka tafi ɗauko igiya. Na dubi ƙasa, na dubi masu tsarona. Sai kawai na zauna na sulale taku uku zuwa gangare. Suka miƙo hannu, bai kai ba. Suka yi ta ihu, gari ya taru a kaina, amma babu mai iya saukowa taku ɗaya. Na karkaɗe rigata, na ɗauki allona. Ɗaya daga cikin masu tsaron, wani magidanci mai tsage a kumatu, ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Don Allah, da gaske ka gan shi?"

Na ce, "Da idona. Taho mu je."

Ya ɗaga ƙafa, ta yi ta rawa a iska. Sannan ya mayar da ita inda take.

A gindin tudun na zauna na yi abin da ban taɓa yi ba. Da gangan na sauya zaren ta yadda ya ƙara tsawo. Talatin da takwas, talatin da tara. Daga can na ci gaba da gyara, sai ga ni a talatin da shida. Na yi murna, amma ba ta daɗe ba. Duk lokacin da na ɓata don in gyara, sai zaren ya lallaɓa ya koma kamanninsa na jiya.

Da wannan damuwar na shiga Dajin Komau. Hanyoyinsa shimfiɗaɗɗu ne, masu daɗin bi, kowace mararraba da wadda ta fi kyau a ido. Na yi kwana tara ina zaɓen mai kyau. Sau uku ina tarar da tokar wutar da na gasa kifi. A karo na huɗu na tarar da mutum tsugune a wurin yana shan zuma, gajere, baƙi, da damin kaba a bayansa. Ya ce sunansa Barmo, zuma yake ɗiba a dajin tun yana saurayi.

Ya ce, "Tun shekaranjiya nake kallonka kana wucewa. Na ce bari in ga ko za ka gaji."

Na bi shi. Duk hanyar da muka shiga sai ya zare ɗanyar kaba ya ƙulla a bakinta. In muka sake cin karo da ita, komai kyanta, ba ya shiga muddin kabar tana kore. Sai ya zaɓi wata, ko da mai ƙaya ce. In kabar ta bushe, wajen kwana bakwai ke nan, hanyar ta halatta.

Na ce, "Me zai hana ka haramta ta har abada?"

Ya yi dariya. "In na yi haka, kwana goma zan rasa inda zan sa ƙafa. So nake kawai in hana ƙafata son abin da ta saba. Amma fa in na hango fili ta cikin hanya mai ɗanyar kaba, sai in tsallake kabar, ban san ta ba."

Kwana goma sha ɗaya ya fitar da ni. Ni kuwa duk inda muka yada zango sai in soka ɗanyen ganye a kan ƙusoshin da na taɓa, ba na komawa kansu sai ganyen ya yi yaushi. Ranar da muka ga fili, sandata ta nuna talatin da huɗu. Kwana ɗaya ya rage mini.

Daga dajin na faɗa Birnin Toka, inda ake narka farin yashi a yi ƙarau da kwalabe. Hayaƙi ba ya yankewa a garin, kuma in rana ta faɗa kan kasuwarsu sai ka rufe ido. Guzurina ya ƙare, na nemi aikin zuga a wurin wata tsohuwa mai ido ɗaya, Tabawa, wadda wuta ta cinye mata zanen yatsu. Ranar farko na ga ƙarau ya fito ja wur, na ce bari in taimaka, na tsoma shi a ruwa. Ya fashe, ɓarin ya tsaga mini kunci. Ga tabon nan.

Tabawa ta danna mini toka a ciwon tana faɗa. "Kai wane irin gaggawa ne da kai, ɗan nan? Dubi yadda ake yi." Ta binne sauran cikin toka mai zafi. Ta ce kwana uku za su yi suna hucewa a hankali. "Yana da zafi, duk abin da ke cikinsa yawo yake yi, yana neman wurin zama. In ka sanyaya shi farat ɗaya, kowa ya daskare inda ya samu kansa, ko daidai ko ba daidai ba. Shi ya sa ya fashe maka."

Da ta ga ina fama da allo bayan aiki, ta tambaya, na ba ta labari tun daga Ido har ƙafafun Inna. Ta daɗe tana kallon zaren da idonta guda. Ta ce, "Wannan zaren naka a sanyaye yake. Mayar da shi wuta."

Ta kawo ƙwarya cike da wake, fari da ja, farin ya fi yawa nesa. Ta ce in sauyi ya gajarta hanya, in karɓa ba shawara. In ya tsawaita ta, in rufe ido in zaro ƙwaya ɗaya: fari, in karɓa, ja, in mayar. In tsawon da ya ƙaru mai yawa ne, sai fari ya fito sau uku a jere. Kowace safiya kuma ita da kanta za ta kwashe tafin hannu ɗaya na farin waken ta zuba ja.

Kwanakin farko na kusa kuka. Talatin da huɗun da na sha wuya a kanta ta wargaje, zaren ya haura hamsin, ya cukurkuɗe kamar saƙar gizo. Na ce, "Iya, kin kashe ni." Ta ce, "Ka rubuta tsohon jeren a takarda, ko ba ka rubuta ba? To yi shiru ka zaro wake." Ja yana ƙaruwa, zaren yana natsuwa. Ya sauko arba'in da biyar, ya sauko arba'in, yana ɗan hawa yana sauka. A mako na biyar ya ɗauki wani fasali da ban taɓa tunaninsa ba, ya fara da tsibiran kudu ya bar na tsakiya sai a dawowa. Rana ta arba'in babu fari ko ɗaya a ƙwaryar. Na ɗora sanda. Na sake ɗorawa. Talatin da biyu.

Tabawa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Wata na biyar ke nan da barina gida. Ta ce, "Ayarin masu ƙarau zai tashi zuwa bakin teku ranar Juma'a. Haɗa kayanka."

A nan ne, jama'a, na ɓata. Na ce, "Iya, yaya zan san babu talatin da ɗaya? Ko talatin?"

Ta ce, "Ba za ka sani ba. Nawa kuke buƙata?"

"Talatin da uku."

"To?"

Na riga na ji labari a kasuwa cewa bayan filin gishiri akwai Zauren Ƙidaya, inda masana ba sa yarda da amsa sai sun tabbatar babu wadda ta fi ta. Na ce mata tafiyar kwana arba'in ce kawai, in je in ji ta bakinsu in dawo. Ta yi mini kallon da har yau nake gani. Ta ce, "In ka ƙi ji, aƙalla rubuta jeren ka ba madugu ya kai wa yayanka. Takarda ba ta da nauyi."

Na rubuta. Ranar Juma'a na je har gaban madugun, takardar tana hannuna. Sai na hango Yaya Jatau yana karanta ta a kan Giwa, jama'a suna sowa, ni ba na wurin. Na ji ina so in tsaya da ƙafata a wurin, a ce ga Cindo, wanda ba ya iya tuƙi, ga abin da ya kawo. Na gaishe da madugu, na yi masa fatan sauka lafiya, na mayar da takardar aljihu. Da Tabawa ta tambaya na ce na bayar.

Zauren Ƙidaya ginshiƙi dubu gare shi. A gindin kowanne akwai mutum cikin fararen kaya yana jera tsakuwa, ya auna, ya rubuta, ya sake jerawa. Ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa, kamar yayyafi a kan rufi. Shugabansu, Malam Gide, ya zagaya da ni. Ya ce wani sarki ne ya tambaye su hanya mafi gajarta tsakanin garuruwansa ashirin da biyar, shi suke yi wa aiki.

Na ce, "Yaushe zai karɓi amsar?"

Ya ce, "Ai ya rasu shekara ɗari uku. Goma sha ɗaya daga garuruwan ma sun zama kufai. Amma tambayar tana nan."

Mai hankali da a ranar zai juya. Ni kuwa sai na fito da allona da ƙwaryar wakena. Suka kewaye ni, ba su taɓa ganin irin wannan ba. Suka ba ni ginshiƙi, suka ba ni farar riga, suka fara ce mini Malam. Ban taɓa zama inda ake tashi tsaye in na shigo ba. Na sake mayar da zaren wuta, kwana arba'in, ya ba ni talatin da uku. Na sake, talatin da biyu. Na ce bari in rage saurin kwashe farin wake, na yi na kwana ɗari. Bayan shekara ɗaya da rabi na ga talatin da ɗaya da rabin yini. Kowane karo sai in ce wannan ne na ƙarshe. In tunanin gida ya taso sai in ce ai Yaya yana da talatin da bakwai, suna lallaɓawa, wataƙila ma sama ta sako. A shekara ta uku na sami talatin da ɗaya cif.

Wata rana da azahar sabon mai kawo mana ruwa ya tsaya a gabana da salka. Na dubi ƙafafunsa, a kumbure. Da ya ce "ga ruwa" na ji harshen gida. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga Ƙurya, cikin Tsibiran Barkanda. Bai gane ni ba, na yi ƙiba, na tara gemu.

Na ce, "Me ya fito da kai?"

Ya ce, "Ƙishirwa, Malam. Na binne 'ya'ya biyu, na ce ba zan binne na uku ba. Tsibirai da yawa sun tashi."

Na ce, "Akwai wata tsohuwa, Kulu."

"Uwar sarkin jirgi? Bara da na taso tana da rai, amma ba ta tashi. Ɗanta ƙarami ya tafi neman mana mafita, shiru har yau. Wasu sun ce ya mutu a hanya." Ya gyara salkarsa. "Ni dai ina yi masa zaton alheri. Na ce mutuwa ya yi."

Na miƙe, allon ya kusa faɗuwa. A bakin ƙofa Malam Gide ya tare ni, domin dokar zauren ita ce ba mai fita sai ya gama tambayarsa. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, mabuɗin yana wuyansa. Ya ce, "Ka tabbatar babu wadda ta fi talatin da ɗaya?"

Na ce a'a.

"To ba ka gama ba, Malam Cindo."

Na dafa aljihuna. Sannan na ce, "Malam, kuskure aka yi wajen rubuta tambayata. Ba a aiko ni neman hanyar da ta fi kowace ba. An aiko ni in gano ko akwai wadda ba ta wuce kwana talatin da uku ba." Na zaro takardar nan daga aljihu, ta yi laushi, ninkinta ya fara yagewa. "Ga ta. Auna."

Ya auna da kansa. Ya dubi tawadar da ta koɗe, ya dube ni. Ya ce, "Da wannan ka shigo?" Na ce da ita na shigo. Ya ciro mabuɗin, ya buɗe ƙofar.

Wata biyar na yi a hanya. Na iso Ido da hantsi, na tarar da Giwa a ɗaure ana yi mata ɗura. Matuƙan ba su fi arba'in ba. Yaya Jatau yana tsaye a kan gaɓa, kansa ya yi fari fat. Ya gane ni tun daga nesa. Bai rungume ni ba, bai kuma zage ni ba. Ya sa aka ba ni ruwa, ya jira na sha.

Na shimfiɗa allon a gabansa. Na ce, "Yaya, talatin da ɗaya."

Ya tsuguna ya bi zaren da yatsa, tun daga Ido har ya dawo. Ya ce, "Hanya ce mai kyau." Sannan ya kama wata ƙusa ya cire. "Gwarjo. Sun tashi." Ya cire wata. "Tsamiya Biyu. Sun tashi." Yana cirewa yana kiran suna, yana ajiyewa a gefe, zaren yana saki yana zubewa a kan allon. Ashirin da huɗu ya cire. Ta ƙarshe ita ce Ƙurya, ita bai kira sunanta ba.

Ya ce, "Yanzu kwana ashirin da shida muke yi. Ko ta ina muka bi, muna isa."

Sannan ya dube ni. Ya ce, "Cindo, abu ɗaya zan tambaye ka. Yaushe ka fara samun wadda ta kasa talatin da uku?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Na ce, "A wata na biyar."

"Na wace shekara?"

"Ta farko."

Ya ce, "A lokacin ko gida ɗaya bai tashi ba. Inna da ƙafarta take zuwa bakin ruwa." Ya miƙe ya koma wurin ɗura.

Da Giwa ta tashi na shiga, ba wanda ya hana ni, ba wanda ya yi mini magana. Rana ta goma sha biyu na hango dabinon Ƙurya ta hannun hagu, jirgi kuwa ya miƙe zai wuce. Na je wurin Yaya na ce, "Ba za a tsaya ba?"

Ya ce, "Ba mai jiran ruwa a can."

Na ce, "Don Allah, Yaya."

Mai riƙe da akalar jirgin ya ce ratsen zai ci rabin yini. Yaya Jatau ya ce, "Juya. Kwanaki gare mu yanzu, har sun yi mana yawa."

Mu biyu muka sauka, ni ɗauke da tulu. Ƙofofin gidaje a buɗe, randuna a kife, ciyawa ta fito a tsakar gidanmu. Ya kai ni bayan gari, ya nuna mini tudun ƙasa kusa da na babanmu. Ya ce gida bakwai suka rage tare da ita a ƙarshe, kuma sai bayan ta rasu aka gane rabonta na ruwa yaran maƙwabta take ba. Na durƙusa na yi mata addu'a, na zuba ruwan a hankali, ƙasar ta shanye nan take.

Na ce, "Ta bar mini wata magana?"

Ya girgiza kai. "Ba ta taɓa tambayata kai ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk zuwan da muka yi, ko da ta daina tashi, sai ta sa an ɗauko ta an kawo bakin ruwa. In na sauko in gaishe ta, ba ni take kallo ba. Bayana take leƙawa, har mutum na ƙarshe ya fito."

Ya karɓi tulun daga hannuna, muka koma jirgi.

Iyakar abin da zan iya faɗa muku ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka jira.